Bugu Shida Kafin Kwana

Yayanta ne ya koya mata tuƙi, kuma doka ɗaya ya kafa mata: in ta kunna sigina, ta ƙirga bugu shida kafin ta karya kwana, don na bayanta ya samu lokacin gani. Shekara huɗu ba ta taɓa saɓawa ba. Har 'yarta, wadda suke kira Sarauniya, ta haddace. Daga kujerar baya take taya ta ƙirgawa, ƙaninta na goye yana tsotsar yatsa a gefe.

Ranar Lahadi maigidan ya cire tsofaffin ƙwayayen sigina ya sa na LED, ya kira ta ta zo ta ga haske. Ta ce sun yi kyau, amma me ya sa suke ƙyaftawa kamar ana korarsu? Ya ce sababbi ne, ƙarfi ne ya yi musu yawa.

Washegari a kwanar makaranta ta kunna sigina, suka ƙirga shida, ta juya sitiyari. Ashe shidan ta ƙare kafin a ja numfashi biyu. Mai babur ɗin da ke bayanta ya taka birki, madubinsa ya gogi ƙofar da Sarauniya take zaune. Bai faɗi ba. Ya watsa mata baƙar magana ya wuce.

Ta miƙa yarinyar hannun malamarsu. Ba ta koma gida ba, ta zarce wurin mai gyaran wayarin mota.

Dattijo ne, ya ɗaure ƙafar gilashinsa da jar waya. Ya saurari siginar, ya murmusa. Ya ce sababbin ƙwayayen ba sa jan wuta sosai, shi ya sa motar take zaton ƙwai ya mutu, take saurin bugu don ta sanar. Zai iya ɗaura wani ɗan ƙarfe mai shan wuta a bayan kowace fitila, sai dai yana yin zafi.

"Zafi kamar yaya, Baba?"

"Kamar dutsen guga, 'yata."

Ta tuna bargon jaririn da kullum yake cikin but ɗin motar, dab da fitilun baya. Ta girgiza kai. Ya ce to sai a canza filasha, ɗan akwatin da ke ba sigina bugunta, in motar tana da irin wanda ake cirewa. Ba kowace ke da shi ba. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana laluba, yana mitar bayansa. Tana tsaye da yaro a kafaɗa, har ta fara tunanin a mayar da tsofaffin ƙwayayen kawai, maigida ya yi fushinsa ya huce. Can sai ya ɗago da wani baƙin abu mai ƙafa uku. Ya zaro wani filashan mai dacewa da LED daga aljihun tebur ya soka.

Ya ce an gama. Ta ce tukuna. Ta sa shi ya kunna hagu da dama, ta koma bayan motar, daidai inda mai babur zai kasance, ta ƙirga da bakinta.

Da rana, a kwanar gida, Sarauniya ta ja ƙirgenta har shida.

"Mama, motar ta daina haki."

"Ta daina," ta ce. Ta duba madubi, sannan ta juya.