Na Zo Kallon Tarinka

…kuma wai sai mun yi dariya tukuna, tun ba a ce komai ba. Ka ji fa, Malam. Wani ƙato mai jar riga, da abu maƙale a kunne, ya tsaya gabanmu ya ɗaga hannu, wai in ya sauke mu ƙyalƙyale. Za su naɗa su ajiye, duk inda wasan ya yi lami sai su liƙa. Dariyar ajiya, kamar daddawa. Mutum ya fi ɗari biyu ana ta washe baki ga bango. 'Yarka Badi'a na yi, mijinta Falalu har da buga cinya, jikarka Shifa'u ta kusa zamewa daga kujera. Ni na riƙe bakina. Ban baro Ringim tun sassafe don in yi wa hannun wani dariya ba.

To don me na baro?

Ido na ce musu zan nuna wa likita. Na ce tunda za ku Kano kallon ɗaukar shirin barkwancin nan, ku kwana ku dawo Lahadi, ku rage min hanya. Badi'a ta buɗe jaka — kati huɗu ne a ciki, ba uku ba. Tun makon jiya ta saya. Yarinyar nan ta san ni fiye da yadda nake so. Kuma wane likitan ido ne ke zama ran Asabar? Babu wanda ya tambaya. Gara da ba su tambaya ba.

Sanyin esin nan yana shiga min ƙashi... Sito ne fa nan, Malam. Sharaɗa ce, unguwar kamfanoni, ba za a ɓoye min ba don an shafa baƙin fenti. Ga ƙarafunan rufi can, ga inda motocin kaya ke ja da baya. Dilolin yadi ake jibgewa a nan har sama. Yanzu fitilu ne, da wayoyi a ƙasa kamar macizai, an bi su da salatif. A gaba sun kafa ƙofar kamfani ta falanki, da benci, da tukunyar mai abinci. Tukunya fes, gindinta na ƙyalli. Wa ya taɓa ganin tukunyar bakin kamfani da ba ta san wuta ba? Shekara goma sha tara ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfaninku na fata a Challawa, da sun tambaye ni —

Ɗazu na sa Falalu ya bi ta can. Ya ce ai zagaye ne, Hajiya, na ce man motar naka ne ko na ubana, bi. Warin yana nan. Shifa'u ta toshe hanci da mayafi, ni na sauke gilas. Ƙofar a garƙame, ciyawa ta kai ƙugu, bishiyar da nake zama ƙarƙashinta an sare. Jiniyar ƙarfe biyu... ku fito kamar an buɗe garke, dogon takalmin roba, hannu duk ya ci magani ya dafe. Kai ne na ƙarshe kullum. Kullum. Sai kowa ya wuce sannan in hango ka, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, kana jan ƙafar hagu kamar ba ka son ta biyo ka.

Ita na zo gani. To, na faɗa. Tafiyar nan na zo gani.

Sunan ɗanka na jikin katin, da manyan baƙaƙe. Na iya karantawa, da buhunan shinkafa na koyi boko, babu wanda ya zaunar da ni. Mu'az, in ji katin. Katin ne ya faɗa, ba ni ba. Shekara talatin da takwas bakina bai taɓa fitar da shi ba — ɗan fari ne, yaya za a yi? Ba a kira, ba a kallo, ba a ɗauka a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa yayana, har ta mutu. In yaron nan yana kuka a tsakar gida sai in kama tsince wake, har sai wata ta ɗauke shi ta miƙo min a ɗaki. Kai kuwa ba ka da ta ido. Ka saɓa shi a kafaɗa ka zagaya Panshekara da shi, kana kiran sunansa a bainar jama'a, mata na yi min gori. Kai ka lalata shi.

Yana shekara tara ya fara kwaikwayonka. Ka shigo gida, shi yana bayanka, kafaɗa a karkace, yana jan ƙafa, har da yadda kake shinshina tafin hannu kafin ka ci abinci. Na ɗauki muciya. Kai ko ka zauna a ƙasa kana dariya, kana dariya, har ta juye ta zama tari — ranar na fara jin tarin nan da kyau. Busasshe, sau biyu, sai ka yi shiru kamar kana sauraron wani abu a ƙirjinka, sannan na uku. Shekara ashirin da uku yana cin ka.

Shi kuma ya ɗauka ya kai talabijin.

Bayan rasuwarka da shekara biyu ne. Asabe maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, wai Hajiya zo ki ga ikon Allah, ga mai gidanki a akwati. Na je. Gemun auduga, hular da ta sha jiki, wai shi Baba Mai Fata, tsohon lebura mai faɗa da kowa. Ya yi tari, aka kwashe da dariya. Ban zauna ba. Na aika ta bakin Badi'a: muddin yana sayar da tarin da ya kashe ubansa, kada ya tako min gida. Na zaci zai zo ya durƙusa, in zage shi, a wuce wurin. Bai zo ba. Kan nan nawa ya ɗauko, ba naka ba. Shekara huɗu, Malam. Sallah takwas.

Amma duk Alhamis da la'asar, lokacin shirinsa, sai wani abu ya ƙare min a gida. Gishiri, ashana, kanwa. Sai in shiga gidan Asabe in tsaya a bakin ƙofa, ba na zama, ba na jin abin da suke cewa. Ƙafar kawai nake kallo. Asabe ta daina tambayata me na zo aro... Me gare ni naka? Katin aiki guda, hoton ya koɗe, ba ka ma yi kama da kanka ba. Muryarka babu ta ko'ina. Duk duniyar nan mutum ɗaya ne ke ɗauke da kai a jikinsa, shi ne kuma na kora.

An rage fitilar wajenmu. Ga shi nan.

Ya yi ƙiba. Wa ke dafa masa? Gemun ya karkace ta dama, babu wanda zai gyara? Ihu ake, tafi ake, wata a bayana tana kiran sunansa kamar ita ta yi naƙudarsa. Ni a duhu nake, a duhu ana iya kallo. Bai san na zo ba, Badi'a ta rantse min. Kafaɗar daidai. Ƙafar... ya yi yawa, kai ba gurgu ba ne. Muryar kuma ya ɗaga ta sama, ya sa mata tsaki da masifa. Yaushe ka taɓa yi wa wani tsawa? Kai da ko akuya ta ci maka tuwo sai ka ba ta haƙuri? Masifar tawa ce. Tawa ce ya ɗora maka a baki, ɗan banza, ya haɗa mu a jiki ɗaya yana —

Tari. Ba haka ba. Ba a fuskar mutane kake yi ba, juyawa kake, ka ba ni baya don kada in gani.

"A sake," in ji wani daga cikin duhu, darakta wai. Wai fitila ta yi inuwa.

Sai ya miƙe tsaf, ya koma bayan falanki da tafiyar samari, ya sake fitowa tsoho. Haka ake yi ashe? A kashe ka a tayar, a kashe ka a tayar? Mutane suka sake dariya a daidai inda suka yi ɗazu. Da ni ma za a ce min a sake... Daga ina zan fara? Daga asibitin nan, ranarka ta ƙarshe, da ka ce in zauna na ce wake na kan wuta? Na tafi. Na tafi fa. Wake.

A sake, wai tarin bai fito sosai ba, ya ƙara masa ƙarfi. Allah ya isa. A'a — ban ce ba, na janye.

Na uku. Yanzu wai za a ɗauki fuskokin 'yan kallo. Wata fitila ta juyo kanmu, fari ƙal, babu inda zan sa kaina. Ya fito, yana jan ƙafa, ya buɗe baki zai fara masifar...

Ya tsaya.

Wurin ya yi tsit, ana jiran abin dariya. Shifa'u ta damƙe min hannu. Sai na ji — ba da muryar wasan ba, a ƙasa-ƙasa, da 'yar shaƙewar nan ta wanda ya wuni cikin turirin magani:

"Ta Ringim... an bar min ƙanzo?"

Malam.

Babu mai kirana haka sai kai. Ƙarfe biyu da rabi, kowa ya watse, ina kankare gindin tukunya, ka zauna a gefen benci kana cire takalmi. Ashe yana ji? Yana ina a lokacin — bayan bishiya? Ni da ba na kallonsa, ina zan san inda yake tsayawa?

Babu wanda ya yi dariya. Wani ya yi 'yar gyaran murya. Sannan na ji tarin: biyu, shiru, na uku. Na ji ya yi nisa kaɗan, wato ya juya baya. Ji na yi. Ji kawai.

Don ban gani ba. Idonsa na sauka a kaina wuyana ya sunkuya da kansa, ban sa shi ba, wallahi ban sa shi ba. Yatsun ƙafata na gani, da lallen da ya fara gogewa, da wayar da aka manne a ƙasa. Tafiyar awa biyu, shekara huɗu na aron gishiri, ka zo gabana sau ɗaya tak — ina kallon silifas.

Ko da na ɗago darakta na ta faɗa, wai wannan ba ya cikin takarda, a yanke, a koma farko. Shi kuma ya shige bayan falanki.

"Kaka, ke yake kallo fa," in ji Shifa'u. "Ya daɗe."

Yaya fuskar take? Taka ce ko tasa? Ta yaya zan tambayi jika wannan?

Ya sake fitowa. Muryar sama, masifa, tari mai ƙarfi a fuskar jama'a, ana ta kwasar dariya. Ba ya kallon ɓangarenmu. Wannan za a nuna ran Alhamis a gidan Asabe. Wancan fa, wanda aka yanke — ina ake zubarwa? Injin yana riƙewa, ko gogewa ake? Wa zan tambaya?

Badi'a ta matso, bakinta a kunnena. Wai in an tashi akwai wata ƙofa ta baya, inda 'yan wasa ke fita, amma da mai gadi, sai ka faɗi wajen wanda ka zo. Wai mu je?

In mun je, mai gadin ya dube ni, tsohuwa ce a gaba, ni zai tambaya. Hajiya, wajen wa? Mece ce ke a wurinsa?

Sai in ce...

Bari su gama tukuna. Na gaji, Malam. Bari dai su gama.