Abin da Baba Ya Jefa

Ku yi haƙuri da karambanina. Ni karatu na sani, ban taɓa rubuta labari ba. In akwai wanda ya san Baba a cikinku, don Allah kada ya kai masa.

Baba mai gyaran agogo ne, amma tun bara hankalinsa ya koma kan jirgin sama na wasa, irin marar injin nan da ake jefawa da hannu daga kan tudu, iska ta ɗauke shi, mai shi yana juya shi da rimot. Teburin cin abincinmu ya mayar wurin ƙira. Ga gam, ga ɓarɓashin katako, ga fiffike da ya fi ni tsawo. Abinci a cinya muke ci, karatu kuma a kan gado, har wuyana ya karkace.

Da Umma ta gaji sai ta kafa sharaɗi: ranar da aka kai jirgin kan tudu, in ya tashi ta bar wa Baba teburin har abada, in bai tashi ba ya kwashe tarkacensa. Ni dai, Allah ya yafe mini, teburin nake yi wa addu'a.

A kan tudun muka tarar da abokan wasansa, dattawa masu tumbi da hular rana. Shugabansu, Dogo mai kemis, ya ce a ba shi jirgin ya jefa, Baba ya riƙe rimot da hannu biyu kamar kowane sabon shiga. Baba ya ce wanda ya ƙera shi ne zai sallame shi.

To, Baba bahago ne. Amma da ya ga dukansu da hannun dama suke jifa, ya ƙi yarda ya fita daban. Ya ɗaga jirgi da dama, ya riƙe rimot da hagu. Na ga Umma ta buɗe baki, ta sake rufewa, ta gyara tsayuwa.

Baba ya sheƙa da gudu, wando na kaɗawa. Yana isa bakin gangara, hannun da ya saba jifa tun yana yaro ya yi aikinsa.

Rimot ya tashi. Tsakani da Allah ya yi kyau a sama, eriyarsa sai walƙiya take yi. Baba ya tsaya yana bin sa da kallo, babban yatsansa na murza iska, jirgi kuwa yana nan lafiya lau a saman kansa.

"Maigida, ɗan karkato shi," in ji Dogo. "Kwata ya nufa."

Kwatar kuwa ya faɗa.

A mota Baba ya yi ta kare kansa, wai jirgin ko ƙwarzane bai yi ba. Umma ta ce ita ba ta yi maganar faɗuwa ba, tashi ta ce.

"Ai wani abu ya tashi," in ji Baba.

"To wanda ya tashi ya zo ya karɓi teburin."

Yanzu jirgin yana rataye a silin, daidai saman teburin, a ƙarƙashinsa nake wannan rubutu. Baba ya ɗauka aikin makaranta nake yi. Ga shi can a ƙofa yana laluben makulli da hannun hagu, Umma kuma tana kicin. Bari in bi ta baya da takarduna.