Roba Mai Lamba Sha Biyu

Lamba ashirin da huɗu na kai musu, kuma ina sane. Ba ruɗewa na yi ba, ba kuma idona ne ya gaza ba. Ni tela ce, shekara goma sha tara ina awon mutane, na san rigar da aka yanka wa baɗi ba ta zama a jikin bana.

Autanmu, ƙanena, mai gyaran firji ne. Wata huɗu ke nan da ya fita bai dawo ba. Kafin ya ɓata yana gyaran haƙora, amma ba da wayar ƙarfen nan ba. Wata roba ce garai-garai da ake ƙera wa mutum daidai bakinsa, ya kifa ta a kan haƙoran sama da na ƙasa, ya cire in zai ci abinci. Guda ashirin da huɗu likitarsa ta ba shi, kowace a 'yar ledarta da lamba. Duk sati biyu ake canjawa, kowace sabuwa ta ɗan tura haƙoran gaba har su miƙe. An kuma manna masa wasu 'yan maɓallai masu launin haƙori don robar ta samu abin kamawa.

Auta da ba ya tuna inda ya ajiye mukullin babur ɗinsa, a kan robar nan sai ka ce agogo. Ya bi ledojin ɗaya bayan ɗaya ya rubuta wa kowace ranarta da jan biro. Waɗanda ya gama ma ba ya yarwa, yana mayar da su durowa, wai likita ta ce a ajiye.

Ni na kore shi, gara in faɗa da bakina. Ran nan ya kai Umma asibiti ganin likitan hawan jini, ya ce zai leƙa wurin likitar haƙoransa ya dawo. Sai ya manta da ita. Awa huɗu tana zaune a benci har jiri ya kwashe ta, wata baiwar Allah ce ta kawo mana ita gida. Can sai ga shi ya shigo yana washe baki, da sabuwar roba mai lamba tara. Ban rage masa komai ba. Na ce ƙato da kai, shekara ashirin da bakwai, ka iya lissafin ranar roba amma ba ka iya tuna uwar da ta haife ka ba. Na ce ya fita ya ba mu wuri, in ya yi hankali ya dawo. Ya rataya jakar kayan aikinsa, ya ja durowa ya ɗauki lamba goma da sha ɗaya, ya fita.

Wayarsa a kashe tun daga ranar. Umma ta ce in nemo shi, na ce a ƙyale shi, fushin Auta ba ya kai tafasar ruwa. Da sati ya zagayo ta sake yin magana, sai na ja ta gaban durowar.

"Umma, duba. Biyu kacal ya ɗauka. Da ta bakinsa sati shida ke nan. Ko don ta sha biyu zai dawo da ƙafarsa."

Ta yarda da ni, don ta saba yarda da ni. Ranar da aka rubuta a ledar sha biyu ta yi wanka da wuri, ta zauna a falo tana fuskantar ƙofa har rana ta faɗi. Washegari ne na je wurin 'yan sanda.

Tun daga nan durowar ta zame mini abin tsoro. Lambata Auta ya bayar a asibitin haƙoran, saboda haka duk sati biyu sai saƙo ya faɗo wayata, wai lokacin canja roba ya yi. Umma kuma sai ta ja durowa ta ɗago ledar wannan satin ta dawo da ita gaba. Sau ɗaya na ɗaga wata tsohuwa a hasken taga. Ga karkataccen haƙorinsa na gaba, ga 'yar tazarar gefe, bakin Auta sak yana dariya, babu kowa a ciki. Na mayar da ita na je na wanke hannu.

Ranar Litinin ɗin nan ɗan sanda ya kira ni. An tsamo wani mutum a tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cike, bayan kasuwar katako, tafiyar minti ashirin daga gidanmu. Ya daɗe a ruwa, ba fuska, ba takarda. Amma haƙoransa na da irin maɓallan nan, kuma na taɓa ambata su a rahotona. Ya ce in kawo roba ɗaya a gwada. Ya ƙara da cewa in Alhamis ta yi ba wanda ya zo, hukuma za ta binne shi tare da waɗanda ba a san danginsu ba.

To, shi ne na tsallake duk ledojin na zaro ta ƙarshe, wadda sai bayan wata bakwai da fitarsa bakin Auta zai kai gare ta. Ma'aikacin ɗakin gawa ya karɓa ya shiga bayan labule, ya fito yana girgiza kai, ya ce ko kusa ba ta shiga ba. Na dawo gida na ce wa Umma ba shi ba ne. Ta yi ta godiya ga Allah, ran nan ta cinye abincinta tas.

Ni ce ban ci ba. Ranar Talata a shago na yanka hannun riga biyu duk na hagu a yadin wata mata mai baki kamar reza, na tsaya tana zazzaga mini ban ko tanka ba. Maƙwabciyata mai ɗinkin labule ta leƙo ta ce lallai yau an yi wa kura aski. Abin da ke cina ɗaya ne. In ba Auta ba ne, ban yi wa kowa laifi ba. In kuwa shi ne, na kore shi daga gida yana raye, ga shi zan sake korarsa yana gawa, baƙi su haƙa rami su tura shi da lamba a ƙafa. Tsoro nake ji, kuma kunyar kaina nake ji.

Laraba da safe, Umma na banɗaki, na juye durowar kaf a jaka na nufi wurin likitarsa. Mace ce siririya mai gilashi, ba ta da yawan magana. Na ba ta labari tana jera ledojin a kan tebur bisa lamba.

"Wacce kika kai musu?"

"Ta ƙarshe."

Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashi. "Kin san ba za ta shiga ba."

"Na sani, likita. Ba wa'azi na zo ji ba."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce wa mai karɓar baƙi a ɗaga sauran marasa lafiya zuwa la'asar, ta ɗauki jakarta muka fita.

Ɗakin gawar yana can ƙarshen asibitin gwamnati, bayan wurin wanki. Doguwar baranda, benci ɗaya mai ƙafa uku da bulo, warin magani mai hawa kai. Daga ciki babban firjin yana wani gurnani yana tsayawa, yana sake kamawa. Da Auta na nan da ya ce injin ya kusa mutuwa, a kira shi kafin ya ba su kunya. Likitar ta sa safar hannu ta shiga bayan labule. Ni na tsaya daga waje da jaka a hannu, ita ke kiran lamba ina miƙawa.

"Ba ni takwas."

Ita ce ta ƙarshe da ya gama kafin ya fita. Na miƙa. Na ji motsinta, na ji ta ce wa ma'aikacin ya matso da fitila. Sai ta miƙo mini ita ta gefen labule.

"Ba ta zauna ba."

Wallahi sai da murna ta kama ni. Na ce, "Ba shi ba ne ke nan."

"Ba ni sha biyu."

"Ai bai taɓa sa ta ba. Ko buɗe ta ba a yi ba."

"Ba ni dai, Yaya."

Ban san a ina ta ji Auta na kirana haka ba. Na zaro ledar, ga ranar da ya rubuta da jan bironsa, na yage bakinta na miƙa. Firjin ya tsaya, ya sake kamawa.

Ta fito tana cire safar hannu, ta zaunar da ni a bencin.

"Shi ne. Maɓallan duk sun faɗa gurbinsu, sama da ƙasa. Allah ya ji ƙansa."

Na ce amin. Sai kuma taurin kaina ya motsa, na ce to me ya hana takwas zama?

Ta dube ni, kamar tana auna ko zan iya ɗauka. "Haƙoran sun wuce ta da nisa. Da a satin da ya fita abin ya faru, da takwas ta zauna. Da kuma ya daina sawa, da sun fara komawa baya. Sha biyu ta shiga da ɗan matsi, yadda sabuwa ke shiga a ranar farko. Ya sa tara, ya sa goma, ya gama sha ɗaya, duk a kan lokaci."

"Sati shida yana raye."

"Kusan haka. Ranar ce ba zan iya faɗa miki ba."

Sati shida. Yana cikin garin nan, yana kwana a wani wuri, yana cire roba ya ci abinci, ya wanke ta a famfon wasu, yana ƙirga kwanaki. Ni kuma ina gida ina cewa a ƙyale shi. Hanyar da ta bi ta gefen ramin nan yanke ce zuwa unguwarmu in mutum a ƙafa yake. Yanke ce kuma zuwa wurare da yawa. Ko gida ya nufo, ko wani wuri, ko ramin kansa, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Na sa hannu a takardunsu, suka ce mu zo da mota da safe.

Na tarar da Umma a falo tana ninke wanki. Ba ta ɗago ba.

"Na ga durowa," ta ce.

Na durƙusa a gabanta. "Shi ne, Umma."

Ta yi salati a hankali. Ta gama ninke zanen da ke hannunta, ta daidaita gefensa, ta ɗora a kan sauran. Na jira kuka, bai zo ba. Can ta dube ni.

"Tun ranar da ya fita ne ko? Shi ya sa bai kira ba. Na san Auta. Da yana da rai ba zai yi sati bai ji muryata ba."

Ni da ban taɓa tauna magana don kowa ba, sai na ji bakina na cewa:

"Tun ranar ne, Umma."

Ta gyaɗa kai, ta sauke numfashi. "To, alhamdulillahi. Bai daɗe yana fushi da mu ba." Ta share fuska da bakin mayafinta. "Tashi ki kira kawunku."

Na tashi na ɗauko wayar.