Gorar Malam Labo

Shekara huɗu ke nan Tchima na karatun doktora a ƙasar waje, tana bin tambaya guda: me ya sa maganin kansar jini ke aiki a jikin mutum, sai wata rana ya daina? Zarginta na kan wasu ƙananan abubuwa cikin ƙwayoyin jini da ake kira mikro-ARN, waɗanda take jin su ke koya wa ciwon kauce wa magani. Ba son takarda kaɗai ya kai ta ba. Mahaifinta, Malam Labo, manomi a Gangara, ciwon ke gare shi.

Da fari maganin ya karɓe shi. Ƙwaya guda kullum, har ya koma gona yana yi wa matasa gorin noma. Bana kuwa cikinsa ya sake kumbura, likitan Maraɗi ya ce ciwon ya daina jin maganin. Tchima ta baro aikinta ta taho gida, da niyyar ta ɗebi jininsa ta gano inda abin ya ɓaci.

Ta same shi kwance gindin iccen bedi, ya rame har ta kusa kasa gane shi. Amma bakin nan yana nan.

"Lokotoro ta iso! Ɗiyata, kar ki damu da zancen magani. Shiga ɗaki ki ɗauko gorar da ke rataye kusa da ta irin wake."

Ta ɗauko, ta zazzage bisa faifai. Toka ta zubo, sai ga ƙwayoyin maganin cikinta, tuli guda.

"Baba, mi ne ne wannan?"

"Kin tuna damanar da hanya ta yanke, magani ya yi sati biyu bai zo ba? Tun ranar na yi wa kaina faɗa. Manomin kirki ba ya cinye hatsi duka. In na sha yau da gobe, ta jibi sai in aje. Har toka na sa masu kar su yi ƙwari."

Tchima ta aje faifan. Ta fi kowa sanin abin da shan magani da tsallake ke yi: ya kashe raunanan ƙwayoyin ciwon, ya bar masu taurin kai su yaɗu. Ta bayyana wa farfesoshi wannan da Faransanci sau ba adadi, ba ta taɓa zama ta faɗa wa mahaifinta da Hausa ba. Kullum a waya sai dai ta ce, "Kana shan magani?" ya ce, "Ina sha." Kuma bai yi ƙarya ba.

Zuciyarta ta karye. Shi kuwa yana kallonta, yana jiran yabo.

"Na yi dabara ko ban yi ba?"

Tchima ta shiga tsince ƙwayoyin daga toka tana mayarwa cikin gora.

"Ka yi, Baba," ta ce.