Ludayin Hadi

Tun daga ɗakin wankin ciwo Hadi ya gane muryar kakarsa, tana yi wa ɗan acaɓan da ya ɗauko ta daga ƙauyen Gude faɗan gudu. Ya leƙo barandar ƙaramin asibitin da yake aiki, sai ga Inna Asta tana ɗingishi, ƙafar dama naɗe da tsumma.

"Amarya! Wa ya taɓa min ke?"

"Fartanya ce, maigida. Ga ka nan dai, miji sai farar riga, ko ɓarin goro babu."

Suka gaisa, ya tambayi gida da shanu, ya zaunar da ita a kan gado. Ta ce tun makon jiya fartanyar ta sare ta, amma ta sa toka da man shanu. Hadi ya dubi kumburin da ya haura idon sawu, murmushinsa ya ragu. Ya wanke hannu da sabulu, ya zaro safar hannu daga kwali ya saka. Yana sunkuyawa ta janye ƙafarta.

"Ƙyanƙyamina kake yi, Hadi? Ni da na wanke maka kashi da hannun nan, ko leda ban ɗaura ba?"

"Haba Inna, saboda ƙwayoyin cuta ne."

"Au, ni ce ma mai ƙwayar cutar!"

Ta fara laluben takalminta. Da ta kira shi da sunansa ya san wasa ya ƙare. In ta fita yau ba za ta dawo ba, toka za ta koma wa, ƙafar kuwa ba za ta jira ta huce ba.

Muntari mahauci, da ke kan benci yana jiran a duba masa yatsa, ya ce, "Ƙyale ta, likita. Da saniya ce ta ji ciwo da tuni an goyo ta an kawo."

"Rufe min baki, maƙiyin shanu!"

Maganar shanun ce ta tuna wa Hadi ranƙwashin da ya sha yana yaro. Ya dafa ƙeyarsa.

"Inna, kin tuna ranar da na tsoma yatsa a ƙwaryar kindirmonki?"

"Na tuna mana. Har yau kanka bai koma daidai ba."

"Ƙyanƙyamina kike yi a lokacin?"

"Wane ƙyanƙyami? Hannu ai ba ya shiga ƙwarya, ko na wane ne. Nono tsinkewa yake. Me aka yi ludayi don shi?"

Ya ɗaga hannuwansa biyu. "To ga nawa ludayin. Ciwon nan ƙwarya ce a buɗe, ni kuwa tun safe nake taɓa mutane."

Ta ƙura wa safar ido, ta juya ta dubi Muntari, ta yamutsa fuska.

"Wani ya sha da shi?"

"Sabo ne fil."

"Ka taɓa ƙeyarka da shi, ina kallo. Sake wani."

Muntari ya fashe da dariya har yana buga benci. Hadi ya cire, ya sake wanke hannu, ya sa sabuwa, sannan ta miƙo ƙafar kamar mai ba da aron zinariya. Ya wanke ciwon tas, ya naɗe, ya yi mata allura. Yana gamawa ta ga ya tuɓe safar ya jefa a kwandon shara.

"Kai almubazzari! Ba ni in ƙunsa lalle da ita."

"Wannan ludayin sau ɗaya ake sha da shi, amarya. Jibi ki dawo a sake wankewa."

"Zan dawo, ko don in ga kana canzawa."

Ta kai bakin ƙofa daidai lokacin da Muntari ke hawa gadon, sai ta waigo.

"Maigida, wanke hannu ka sa sabuwa. Ciwona na gidan mutunci ne, kar ka kwasa ka ba mahauci kyauta."