Masaukin Baba a Yamai

Hatsi ya nuna a gonakin Kanan Bakashe, ana shirin girbi, sai Rufaida ta bugo waya daga Yamai ta ce an sa ranar da za ta tsaya gaban malamanta na jami'a ta kare aikin bincikenta na ƙarshe. Ilimin noma ta karanta, kuma a gonar ubanta ta yi rabin aikin, kan tsutsar nan da ke cin zangarniya. Yayanta Ishaƙu, wanda ke koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi, shi ya hau babur ya kai wa tsohonsu labari.

Malam Na Allah bai taɓa wuce Maraɗi ba a rayuwarsa. Yana zaune ƙofar gida yana gyaran igiyar ɗaurin dami, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, zan tafi. Hatsi ya jira."

Tun da Ishaƙu ya fara koyarwa uban ya daina neman wani suna da zai kira shi da shi, ya bi mutanen gari yana ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal.

"Mushe, ka gaya wa Barira ta share mana wuri."

Barira ƙanwar Malam Na Allah ce. Aure ya kai ta Yamai, mijin ya rasu, ta zauna can tana tuyar waina a unguwar Harobanda, tsallaken kogi, kusa da jami'a. Ishaƙu ya san gidan sarai, don a nan ya zauna duk shekarun karatunsa. Gidan haya ne na ƙasa, ɗakuna a jere, makewayi ɗaya ga kowa, awaki a tsakar gida, ruwan wanke-wanke na bin ƙofa. Da ya tuna gidan a kan hanyarsa ta komawa Mayahi, sai ya ji ransa bai so ba.

Yana da aboki a Yamai, Hashim, wanda suka yi aji ɗaya tun suna yara, yanzu yana aiki a wata ƙungiya, ya gina gida a sabuwar unguwa can gabas, bayan filin jirgin sama. Duk lokacin da Hashim ya zo Mayahi sai ya ce, "In kun shigo gari gidana naku ne." Ishaƙu ya ga hoton gidan a waya: tayil, kujeru manya, ɗakin baƙi mai sanyi. Ya gaya wa kansa tsoho ya cancanci hutu sau ɗaya a duniya. Akwai wani abu kuma da bai gaya wa kansa ba. Yana so abokan Rufaida su ga sun sauko daga babbar mota, kuma ba ya so Hashim ya zo gaishe su ya tsallaka wancan ruwan ƙofa.

Da ya gaya wa Rufaida, ta ce masa a waya, "Yaya, Yamai ta yanzu ba wadda ka sani ba ce. An koma lakwal, da safe gada ba ta wucuwa. Daga gidan Goggo da ƙafa za ku zo."

"Akwai mota," in ji shi. "Ke dai ki ji da karatunki."

Saura tsofaffin biyu. Malam Na Allah ba mai riƙe waya ba ne, duk saƙo ta hannun Ishaƙu yake bi, wannan ya sa abin ya zo masa da sauƙi. Ya ce wa uban ruwan ƙarshen damina ya kwaye rufin ɗakin Goggo, ita kanta a ɗakin maƙwabta take kwana. Tsoho ya yi salati, ya ce a ƙara mata tiya biyu ta wake a cikin tsarabarta. Sannan Ishaƙu ya kira Goggo Barira ya ce mata bayan Baba ya matsa masa, likita ya hana shi kwanciya a ƙasa.

"Wayyo Yaya," ta ce. "Ai sai in nemo katifa."

"Kada ki wahala, Goggo. An riga an shirya."

Suka tashi da asuba, motar kasuwa ta kai su Maraɗi, daga nan suka shiga babbar mota. Wuni guda suna tafiya. Malam Na Allah bai runtsa ba, yana ta kallon gonakin mutane ta taga, yana faɗin inda hatsi ya yi da inda bai yi ba. Hashim ya tare su a tasha da fara'a, ya durƙusa ya gaida tsoho, matarsa ta yi musu dafuwar kaji. A ɗakin baƙi, Malam Na Allah ya taɓa gadon da hannu, ya ce a kashe masa sanyin nan, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa ya kwanta.

Hashim bai ɓoye musu komai ba. Ya ce in suna son kwanciyar hankali su ɗauki taksi da sun idar da sallar asuba, su je su jira can. In kuwa motarsa suke so, sai direba ya kai yara lakwal ya dawo.

"Mu jira motar," in ji Ishaƙu. "Ai sai hantsi za a fara."

Tun gari bai gama wayewa ba Malam Na Allah ya sa farar rigarsa ta Sallah, ya naɗa rawani, ya zauna a bakin ƙofa da buhun tsarabar Barira a gefensa. Direba bai dawo da wuri ba, shi ma cunkoson ya riƙe shi. Da suka hau hanyar filin jirgi, tafiyar ta yi kyau na ɗan lokaci, Ishaƙu har ya fara nuna wa uban gine-gine. Suna kusantar tsakiyar gari motoci suka fara tsayawa. A yi taku kaɗan, a tsaya. Babura na kutsawa ta kowane gefe, amalanke ta tokare wata taksi, ɗan sanda na busa usur ba mai jin sa. Direba ya juya ta wani lungu, suka tarar da lungun ma ya cika da masu dabara irin tasa.

Waya ta yi ƙara. Rufaida ce. "Kuna ina? Malamai sun shigo."

"Ga mu nan kusa."

Ta sake kira. Ta ce ta roƙi shugaban malaman ya ɗan dakata, ubanta na hanya daga ƙauye, ya yarda, amma akwai wani ɗalibi bayanta. Ishaƙu ya ce ga su a bakin gada. Wannan karon gaskiya ya faɗa, sai dai gadar ba ta motsi. Wata babbar motar itace ta mutu a kanta, layi ya miƙe har inda ido ya tsaya.

Malam Na Allah ya dubi direba ya ce, "Ɗana, wurin da nisa daga tsallake?"

"Ba nisa sosai, Baba."

Tsoho ya buɗe ƙofa ya fita. Ishaƙu ya ɗauki buhun wake ya bi shi. Haka suka bi gefen gada a ƙafa, rana ta riga ta yi zafi, hayaƙi na shiga ido. Malam Na Allah ya tattare rigarsa da hannu ɗaya, yana sauri irin na mai bin dabbar da ta tsinke, yana haki. Wani mai babur ya goga masa buhun gawayi, baƙi ya zauna a kafaɗar farar riga. Ishaƙu na baya da kaya a ka, yana kallon dugadugan ubansa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Da suka isa, mutane na fitowa daga ɗakin. Rufaida na tsaye cikin doguwar rigar nan ta masu kammala karatu, abokanta na ɗaukar ta hoto. Ta ƙofar da ke buɗe Ishaƙu ya hango kujeru biyu a layin gaba, an ɗora musu jaka don kada wani ya zauna. Kusa da su Goggo Barira ce ke naɗe mayafinta. Ta rufe tuyarta tun sassafe, ta zo da ƙafa.

Rufaida ta ga ubanta, ta ga gawayin da ke kafaɗarsa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce malamai sun yaba aikin ƙwarai. Sannan ta ce, "Na sa hoton gonarka a bango, Baba. Kowa ya gani." Ba ta dubi Ishaƙu ba.

Barira ta kama hannun yayanta tana kuka tana dariya. Ta ce ba wanda zai koma wani wuri sai an ci abinci a gidanta. Suka bi ta a ƙafa, tafiyar ba ta kai ta zuwa rijiya ba. Gidan na nan yadda Ishaƙu ya bar shi, sai dai an share tsakar gida tas, an ɗaure awakin a kusurwa. Matan gidan suka fito suna yi masa oyoyo, suna kiran sa da sunan da suka san shi da shi tun yana ɗalibi. A ɗakin Goggo an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga wata katifa an jingine ta da bango.

Bayan an sha ruwa, Barira ta nuna katifar. "Ko da Ishaƙu ya ce kada in wahala, na aro ta wurin maƙwabciya, na ce ko ka zo ka ɗan miƙe. Yaya bayan naka?"

"Wane baya?" in ji Malam Na Allah.

"Wanda likita ya ce kada ka kwanta a ƙasa."

Tsoho ya dube ta. Sannan ya ɗaga kai a hankali ya dubi rufin ɗakin, ya bi shi da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tsohon kwano ne, ya yi tsatsa, amma ko ƙofar allura babu.

"Barira, yaushe aka gyara miki rufin?"

"Wane rufi, Yaya?"

Ishaƙu na zaune bakin ƙofa, kwanon ruwa a hannunsa. Ya jira a juyo a dube shi, a tambaye shi, ko a zage shi. Ba wanda ya juyo. Goggo Barira ta sunkuyar da kai tana gyara bakin tabarma da yatsa. Ita ce ta fara gane dalilin, ya ga haka a fuskarta, kuma abin da ya gani ba fushi ba ne. Kunya ce ta kama ta, kunyar ɗakinta, a gaban yayanta. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Malam Na Allah ya gyara zama ya ce, "Bayan ya yi sauƙi, alhamdulillahi. A nan zan kwana. Mushe, ka je ka ɗauko mana kayanmu, ka yi wa abokinka godiya."

Ishaƙu ya tafi. Zuwa da dawowa suka cinye masa sauran wunin, a cikin taksi mai cike da mutane, ba abin da zai yi sai zama da tunaninsa. Hashim ya tambaye shi ko sun samu shiga, ya ce a'a, Hashim ya yi ta ba shi haƙuri kamar laifinsa ne.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya dawo Harobanda. Daga zaure ya ji muryar Rufaida. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ubansu na tsakiya, matan gida da mazansu sun kewaye, ita kuma tana tsaye tana maimaita abin da ta faɗa wa malamai, amma da Hausa. Tana bayanin wani ɗan ƙwaro da ake saki a gona ya kashe tsutsar. Malam Na Allah na tsayar da ita yana gardama, ya ce a gonarsa ta arewa abin bai yi ba, ta ce don an makara ne, aka yi dariya. Ishaƙu ya tsaya a zaure da jakunkuna biyu, ya kasa shiga. Goggo ce ta hango shi. Ta taso ta karɓi jaka ɗaya, ta ce, "Tuwonka na rufe a ɗaki." Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Ka ci tukuna," ta koma wurin zamanta.

Da suka koma Kanan Bakashe girbi ya kankama. Da yamma dattawa suka taru ƙofar gida yi wa Malam Na Allah barka da hanya. Mamudu, maƙwabcinsu na gona, ya ce, "To, ba mu labari. Ka ga ɗiya gaban manyan malamai?"

Ishaƙu na gefe yana ɗaure kaya a babur, hannunsa ya tsaya.

"Ban gani ba," in ji Malam Na Allah. "Muna kan gada aka gama. Garin ga motocinsa sun fi hanyoyinsa yawa. Amma Barira ta gani, ta ce ɗiya ba ta ji tsoron kowa ba."

Aka yi ta jajanta masa, ana tsine wa cunkoson birni. Mamudu ya juyo ya ce, "Allah shi yi maka albarka, Mushe, da ka kai tsoho ka dawo da shi lafiya." Sauran suka ce amin. Ishaƙu ya amsa da murya ƙasa-ƙasa, ya tura babur ɗinsa har bayan gari kafin ya tayar da shi.