Giyar da Alhaji Ya Haramta

Shekara goma sha bakwai Ma'azu ya yi yana jan babbar mota tsakanin Kamba da Bagudo, har kuloci ya cinye masa gwiwar hagu. Ranar da ƙafar ta ƙi takawa aka karɓe makulli, ya koma gindin bishiya yana kallon yaran da ya koya wa tuƙi suna wuce shi da hon. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ana saura wata biyu a karɓi mulkin kai, sai Alhaji Na'Allah, mai fataucin goro da gishiri, ya sayo wata doguwar motar Amurka hannun wani Bafaranshe da ke tattara kayansa a Dahome. Mota ba kuloci, ita ke canza wa kanta giya. Duk ƙasar Bagudo ita kaɗai ce motar da mai ƙafa ɗaya zai iya tuƙawa, don haka da Alhaji ya ɗauki Ma'azu direba, ya riƙe aikin nan hannu bibbiyu.

A jikin sitiyari akwai ɗan ƙarfe da ake ja, da haruffan boko a jere. Ranar gwaji Ma'azu ya ja shi zuwa L a fili, mota ta hau ruri kamar sa a mahauta, tana rarrafe. Alhaji kuwa mutum ne da ko kiɗa ake a ƙofar gidansa sai ya tambayi wa zai biya. Ya ji rurin nan kamar daga aljihunsa fetur ke zuba.

"Wallahi tallahi, Ma'azu, ka sake kai hannu wurin wanga, ka bar mini aiki."

Bai tsaya nan ba. Ya kafa doka, in an zo gangara a sa ta firi, ta gangara da kanta, kada a ƙona mai a banza. Ma'azu ya san ba a sauka gangara da kaya sai da ƙaramar giya, inji ya riƙe mota birki ya huta. Ya kuma gane L ɗin nan ita ce ƙaramar giyar. Amma ya dubi gwiwarsa, ya ce, "To, Alhaji."

Jajibirin bikin 'yanci suka je wani ƙauye bakin iyaka ɗauko Inna Barira, mahaifiyar Alhaji. Tsohuwa ba ta tafiya hannu biyu. Buhun gero uku, tulun man shanu, dutsen niƙanta wanda ta ce na Bagudo bai kai shi laushi ba, da rago a ɗaure. Bayan motar har yana shafar ƙasa.

Suka iso doguwar gangarar da ke sauka wata 'yar gadar katako.

"Firi," in ji Alhaji.

Ma'azu ya sa firi, ya ɗora ƙafa kan birki. Tun ba su yi rabi ba ƙauri ya cika motar.

"Wa ke ƙona tuwo?" in ji Inna daga baya.

Birki ya yi zafi ya fara laushi. Ma'azu ya taka, ƙafa ta nutse kamar cikin kunu. Can ƙasa ga shanun wani Bafulatani sun cika gada, ba su da niyyar gaggawa. Tsoro ya kama shi, tsoro iri biyu. Ya ga gindin bishiyar nan na jiransa. Ya ga kuma Inna a madubi tana ɓare goro hankalinta kwance.

Ya kai hannu.

"Na yi rantsuwa hwa," in ji Alhaji.

"Na ji, Alhaji."

Ya ja ƙarfen har L. Mota ta yi wata girgiza, ta saki ruri, rago ya taya ta, rawanin Alhaji ya zamo ya rufe masa ido. Gudu ya riƙa raguwa, ya riƙa raguwa. Ma'azu ya ƙarasa da birkin hannu, suka tsaya hancin mota na shinshinar wutsiyar wata saniya.

Ma'azu ya kashe inji, ya zare makulli, ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya dubi makulli, ya dubi shanu, ya tuna ko keke bai iya ba.

"Mi kake ba shi?" in ji Inna. "Na'Allah, kai ka yi rantsuwa, kai za ka yi kaffara. Ma'azu, ɗana, tada mota."

Da suka isa Bagudo Alhaji ya garzaya wurin liman, ya ce zai yi azumin kwana uku, tunda shi ba a sayensa. Liman ya ce azumi na wanda ba shi da hali ne, mai motar Amurka sai ya ciyar da miskinai goma.

Washegari, ana ta kiɗan 'yanci, mutum goma suka zauna a zauren Alhaji gaban tuwon shinkafa da naman ragon nan. Alhaji na tsaye yana bin kowace loma da ido. Ma'azu ya leƙo, ya ga wani gurgu cikinsu ya miƙe ƙafar hagu yadda shi ma yake miƙe tasa in ya zauna. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya shafa makullin da ke aljihunsa, ya ɗingisa ya je wanke mota.